Ranar da Inna Dela Ta Kira Sunan Ɗanta

Akwai laifin da ba a cika kai mutum gaban alƙali a kansa ba, alhali ya fi sata muni, wato mutum ya ɗauki hawayen wani ya mayar da su abin kallo don sunansa ya fita. Wannan shi ne laifin Abdurrazak, wani matashi mai koyon aiki a wani ɗan gidan rediyo na Madawa, kuma ranar da ya aikata shi da faɗa ta fara.

Madam Cima ce ta zabga masa igiyar mikro a bayan hannu, har wurin ya yi ruɗu-ruɗu. Ta isa haihuwarsa, kuma ita ke riƙe da filin hira na ranar kasuwa tun yana rarrafe. Tana tsakiyar gaida masu sauraro ya miƙa hannu ya rage muryarta, ya sako kiɗa.

"Ka ƙara taɓa mani na'ura ina gaisuwa, sai na karya yatsun nan ɗai-ɗai," in ji ta.

"Madam, gaisuwar ce ta ƙi ƙarewa," in ji shi, yana murza hannun. "Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina gona, ina jakkai. Tun kina kan iyali mutane sunka kashe rediyo sunka tahi aikinsu."

Ta ɗaga igiyar za ta ƙara masa, sai ga mai gidan rediyon, Mushe Sulaiman, ya faɗo ɗakin ya shiga tsakaninsu, igiyar ta same shi a kafaɗa. Ya jawo kujera ya zauna, ya ce ya gaji da raba faɗa kamar mai kiwon raguna, yau kuma za a yi ta ta ƙare. Kututture yana gari.

Kututture ba sunan yanka ba ne. Sunan ɓarawo ne a wani wasan tele da ake nunawa daga Yamai, mugu mai jan ido wanda ke sace awaki yana dukan masu su. Wanda ke yin wasan kuwa sunansa Abdurrahman, ɗan garin Tama ne, ya bar gida tun yana saurayi. Ƙungiyarsu ta zo Madawa don ta ɗauki wani kashi na wasan a kasuwar albasa.

"Ku duka biyu za ku yi hira da shi yau," in ji Mushe Sulaiman. "Kowa da irin tashi. Wanda masu saurare sunka hi kira a kan hirarshi, hilin ranar kasuwa nashi ne. Ɗayan ya koma karanta sanarwar rasuwa da ɓatan dabbobi."

Abdurrazak ya daɗe yana shara da dafa shayi a gidan nan ba a ba shi fili ko ɗaya ba. Abin da yake da shi kawai shi ne salularsa da shafinsa, inda yake watsa hira kai tsaye da 'yan kokawa da masu kabu-kabu. In ya sami filin nan ya zama ma'aikaci. In bai samu ba, zai ci gaba da wanke kofuna har ya yi furfura. Tun daren jiya ya ji ƙishin-ƙishin wannan gasa, kuma tun asuba ya riga ya yi wani shiri da bai gaya wa kowa ba.

A hanyar kasuwa ma ba su bar gardama ba. Tana gaba da jakar rakoda, yana biye da ita.

"Hira da mutum shiga gidanai ce," in ji Madam Cima. "Ka yi sallama, a amsa maka, ka zauna inda anka nuna maka. Ni tun jiya na aika mashi da goro, na gaya mashi abin da za ni tambaya. Mutum in ya san ba za ka kwance mashi zane ba, shi da kanshi ya ba ka abin da ba ka roƙa ba."

"Shi ya sa duk wanda kinka yi hira da shi waliyyi ne," in ji Abdurrazak. "Ɗan kwangilar da ya gina gadar da ta rushe kahin damana ta ƙare, ya zo ya zauna gabanki, kin tambaye shi ina gajiya. Ya ce babu gajiya. Ina ko zai gaji, bai yi aikin komi ba."

A nan yaron yana da gaskiya, ita ma ta sani. Amma sai ta ce, "Kai kuma ɗan kokawar da ka tambaya ko matarshi ta taɓa kada shi, mi ya yi maka?"

"Ya mare ni. Mutum nawa sunka kalli marin?"

"Kai kenan. Ba ka san bambancin mai saurarenka da mai kallon wutar da ta kama gidan maƙwabci ba."

Kasuwar albasa ta cika ta batse. Manyan motoci sun jeru bakin hanya, 'yan dako suna hawa da buhuna a ka, warin ruɓaɓɓiyar albasa yana yanka ido. A ƙarƙashin wata rumfa suka tarar da Abdurrahman, ƙato ne baƙi mai faɗin ƙirji, sanye da tsummokaran Kututture. Madam Cima ce ta fara. Ta shimfiɗa tabarma, ta gaishe shi har ta gaida iyayen gidansa na Yamai, sannan ta tambaye shi yaushe ya fara wasa, wa ya koya masa, wace shawara zai ba matasa. Ya amsa duka cikin ladabi, da kalmomin da ya amsa wa mutum ɗari kafin ita. Sau biyu yana danne hamma.

Da ta naɗe tabarmarta, Abdurrazak ya ɗaga salula, ya kunna, ya faɗa kan buhun albasa kusa da mutumin ba ko sallama.

"Kututture, ɓarawon tele. Jama'a na tambaya, akuyar nan ta makon jiya, ka yanka ta ko ka saida?"

Abdurrahman ya dube shi, ya tuntsure da dariya har ya buga cinya. "Kai ɗan banza ne. Na saida ta, na sayi lemu."

"An ce a zahiri ma tsoronka ake ji."

"Tsoro? Jifa dai." Ya ture hularsa baya, ya nuna wani dogon tabo a saman goshi. "Ka ga wanga? Tashar mota ce. Wata tsohuwa ta gan ni, ta ce ga ɓarawon da ya bugi marayan nan. Kahin in buɗe baki an rotsa mani kai da dutse. Har lokotoron da ya ɗinke ni sai da ya ce in ji tsoron Allah in bar sata."

Mutane suka taru suna dariya. Ya ba da labarin mai gidan haya da ya kore shi don kada a yi masa sata, da yarinyar da iyayenta suka ce ba su ba Kututture 'yarsu. Ya juyo wurin Madam Cima ya ce, "Hajiya, ki yi mani gahwara, amma ga irin hirar da nike so. Ku in kun zo, sai in ji kamar ina gaban jandarma."

A nan, da Abdurrazak yana da hankali, da ya kashe salularsa ya tafi, don ya riga ya ci. Amma ya matsa kusa ya ce, "To tsohuwarka fa? Mi take cewa in ta gan ka a tele?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskar mutumin. "Inna ba ta kallon wasana."

"Ba ta taɓa cewa, Abdurrahman, ka yi ƙoƙari ba?"

"Ni ɗan hwari ne." Ya faɗi haka a hankali, kamar mai yi wa baƙo bayani, alhali Abdurrazak ɗan ƙasar nan ne, ya san komai. Uwa a nan ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane ko da ranta zai fita. "Tun da anka haihe ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Wancan take cewa. In na je gida ta ba ƙanena Kalla hura ta ce ya kai ma wancan. Bar maganar nan, yaro. Tambaye ni akuya."

Aka kira shi wurin shafa jini, ya tashi. Jinin nan zoɓorodo ne da aka dafa ya yi kauri aka dama da ƙaro.

Abdurrazak ya koma gefe yana duban hanyar da ta fito daga Tama, yana murmushi. Madam Cima ta lura da shi, ta zo ta tsaya a kansa.

"Wa kake jira?"

Bakinsa ba ya riƙe magana, musamman in yana ganin ya yi dabara. Ya gaya mata. Ya gani a salula yadda ake yi a wasu ƙasashe, a kawo wa mutum uwarsa ba zato, a ɗauki kukan da za su yi. Ya san in aka ce wa Inna Dela, uwar Abdurrahman, ta zo kallon ɗanta ba za ta ɗaga ƙafa ba. Saboda haka ya aiki wani mai kabu-kabu, Mahdi, ya ce ya je Tama ya gaya mata an kama ɗanta a kasuwar Madawa ana dukansa, za a kashe shi. Ya kuma auna tafiyar yadda za su iso daidai lokacin da ake ɗaukar wurin dukan.

"Yau duniya za ta ji ta kira sunanshi," in ji shi. "Wanga ita ce hira, Madam. Ba ina gajiya ba."

Ta cakumi wuyan rigarsa har maɓalli ya tsinke. "Kira shi yanzu. Ce mashi ya gaya mata gaskiya, ya maida ta gida."

"Mahdi ba ya ɗaukar waya shina tuƙi."

"Uwar wani ce, Razak. Tsohuwa ce. In zuciyarta ta tsaya a hanya fa?"

Ya fizge rigarsa. "Kishi kike don kin san kin faɗi."

Ta sake shi ta ruga wurin masu ɗaukar wasan don ta gaya wa Abdurrahman. Amma an riga an ja igiya an zagaye fili, wasu ƙarti biyu na tsaron igiyar. Ta ce magana ce ta gaggawa, suka ce kowa haka yake cewa. Ta yi ƙoƙarin kutsawa, ɗaya ya tura ta baya har ɗankwalinta ya faɗi.

Shugaban masu wasan ya ɗauki 'yan dakon kasuwa a matsayin taron da za su kama ɓarawo. Ya raba musu karan dawa da aka naɗe da tsumma, ya ce su yi dukan kamar gaske, kuma ko sama za ta faɗo kada wanda ya tsaya sai ya ji usur. Karan bai isa kowa ba. Waɗanda suka rasa suka tsinci abin da suka samu, wani icen rumfa, wani guntun katako, suka ce ai ɗagawa kawai za su yi.

Aka fara. Kututture ya fito daga tsakanin motoci da buhu a kafaɗa, aka yi ihun ɓarawo, taro ya bi shi. Wani ya taɗe shi, ya kife, albasa ta watse. Suka rufe shi. Kara na sauka a bayansa yana karyewa, ana zagi, ana shuri, ƙasa ta tashi. Ya fasa ledar jinin da ke cikin hularsa, jan abu ya gangaro ya rufe masa fuska. Ya yi ta kururuwa yana roƙo, ya iya aikinsa, har matan da ke kallo bayan igiya suka fara kawar da kai. Aka jawo tsohuwar taya aka rataya masa a wuya. Wani ya juye masa galan na ruwa a matsayin mai, wani ya ɗaga ashana sama.

Daidai nan babur ɗin Mahdi ya tsaya a bakin kasuwa.

Abdurrazak ya gan ta tun kafin ta sauka. Ƙaramar tsohuwa ce busasshiya, ba takalmi, hannunta da sauran garin gero, don daga bakin turmi aka ɗauko ta. Ya ɗaga salula cike da murna. Ba ta dubi kamara ba, ba ta dubi igiya ba. Ta ga taya, ta ga ashana, ta ga jini. Ta bi ta ƙarƙashin igiyar da sauri irin wanda ba wanda ya zaci tana da shi, ta ratsa ƙafafun ƙarti, ta faɗa kan ɗanta ta rufe kansa da jikinta.

'Yan dako suka ɗauka cikin wasan take. Ba a busa usur ba, don shugaban ma ya tsaya baki buɗe, yana ganin abin ya yi kyau. Kara ya sauka a bayanta. Sannan icen rumfa, wanda mai shi ya ɗaga da niyyar ya bugi ƙasa, ya sauka a hannun da ta kare kan ɗanta da shi. Na kusa sun ji ƙarar ƙashin. Guntun katako ya tsaga mata gira.

"Abdurrahman! Abdurrahman! Ku bar mani shi, ku kashe ni."

Mutumin da ke ƙasa ya daina kururuwa. Ya ɗago kai a hankali, taya a wuya, ya ga fuskar da ke kansa. Sai a sannan usur ya yi ƙara.

Kasuwa ta yi tsit, sai injin wata mota da ke ruri can nesa. Tsohuwa na shafa fuskarsa da hannunta mai lafiya, tana neman inda aka fasa, tana ta maimaita sunan. Ba ta sami rauni ba. Ta dubi tafin hannunta, ta kai shi hanci. Ta dubi karan da aka naɗe da tsumma a hannun ƙartin da ke tsaye cirko-cirko, ta dubi ashanar da ba a kyasta ba, ta dubi kamara. Jininta na gaske na ɗiga a kan rigarsa, ya fi nasa duhu.

A cikin wannan shirun ne Abdurrazak ya tsallaka igiya, ya durƙusa, ya kai salula dab da bakinta.

"Inna, sannu. Duniya duka na kallonki kai tsaye. Yau kin kira sunan ɗanki. Gaya muna, mi kinka ji a ranki?"

Ta ja jiki ta sauka daga kan ɗanta, ta jawo gefen zanenta da haƙori da hannu ɗaya ta rufe fuska, ta juya masa baya, ta zauna a ƙasa cikin albasa. Karyayyen hannun yana lilo a gefenta kamar ba nata ba.

Kafin kowa ya motsa, wasu babura suka shigo kasuwa a guje. Kalla ne, ƙanen Abdurrahman, da mazan Tama da labari ya iske a lambu, kowa da abin da ke hannunsa lokacin, fartanya, gatari, sanda. Kalla ya ga uwarsa cikin jini, ya ga wani ɗan dako riƙe da icen rumfa. Bai yi tambaya ba. Ya sauke masa ƙotar fartanya a kafaɗa, mutumin ya zube. 'Yan dako suka taso don ɗan'uwansu, mutanen Tama suka tare su. Aka fasa wa wani kai, aka tura wani cikin kaskon mai tuya, kamara ta faɗi aka tattake ta.

Abdurrahman ne ya raba su. Ya miƙe, ya cire tayar daga wuyansa, ya shiga tsakani yana ture mutum biyu-biyu.

"Kalla, aje. Wasa ne. Ba wanda ya taɓa ni."

"Wasa? Hannun Inna wasa ne?"

"Wa ya kawo ta?"

Aka jawo Mahdi ta ƙeya. "Wallahi aike na anka yi. Ga wanda ya aike ni. Shi ya ce in ce ana kashe ka, in ba haka ba ba ta zuwa."

Abdurrazak har lokacin salularsa na sama, yana ɗaukar faɗan. Da ya ga idanu sun juyo kansa ya yi ɗan murmushi, irin wanda ya saba fitar da shi daga rigima.

"Babban yaya, ai kai ka ce irin hirar da kake so kenan. Kyauta ce na yi maka. Ka ce ba ka taɓa jin sunanka a bakinta ba, ga shi ka ji."

Abdurrahman ya zo gabansa ya tsaya. Bai ɗaga murya ba.

"Na ce ka bar maganar nan."

Ya karɓi salular kamar mai karɓar abu a hannun jariri, ya ajiye a ƙasa, ya ɗora dunduniya a kai. Sannan ya naushe shi a baki. Mutumin da ya yi shekaru yana koyon dukan da ba ya taɓa jiki, ranar nan bai janye hannu ba. Abdurrazak ya ji wani abu ya ɓalle a cikin kansa, bakinsa ya cika da gishiri da tsakuwa, ya tofar, ya ga tsakuwar haƙoransa ce.

Naushi ɗaya Abdurrahman ya yi, ya juya wurin uwarsa. Sauran kuwa ba su juya ba. Mutanen Tama da 'yan dakon da suke fasa wa juna kai yanzu-yanzu suka haɗu a kan Abdurrazak. Wannan karon ba kara a hannun kowa. Sanda ta same shi a kunne, duniya ta koma ƙugi. Ya faɗi, ya naɗe, ya kare kai da hannu, aka taka hannun. Ya ji haƙarƙarinsa ya ba da ƙara. Ya kira Mushe Sulaiman, ya kira Allah, daga ƙarshe ya kira uwarsa. Wani ya jawo tayar nan ya zura masa a wuya, wani ya ce a zuƙo mai daga babur ɗin Mahdi, na gaske.

Madam Cima ta ratsa su ba ɗankwali, ta sha gwiwar hannu a ido ba ta tsaya ba. Da ta iso kansa ta kwaɗa masa mari da kanta, don kowa ya ga ba goyon bayansa take ba, sannan ta zauna daɓas a kan bayansa ta baza hannuwa.

"Ya isa. Ya ci abin da ya ci. Wanda zai zuba mai ya zuba a kaina."

"Hajiya, tashi," in ji Kalla. Gorar man na hannunsa, idonsa jawur. "Ba mu da rigima da ke."

"Ba ni tashi. In ka ƙone shi, kai za a kai gidan kaso, wa za shi noma ma tsohuwa?"

Kalla bai ajiye gorar ba. Abin da ya sa ya ajiye, murya ce daga ƙarƙashin zane, siririya, ba kuka a cikinta.

"Kalla."

"Na'am, Inna."

"Zo ka kama ni. Ka ce ma wancan ya nemo mota."

Abdurrahman na tsugune dab da ita, bai fi taku ɗaya ba. Ya ji da kunnensa. Ya jira har ƙanensa ya zo ya maimaita masa saƙon, sannan ya tashi ya tafi neman motar, zoɓorodo na bushewa a fuskarsa. Jandarmomi sun iso bayan an ɗauke tsohuwar, suka cire wa Abdurrazak taya, suka jefa shi bayan motarsu kamar buhu.

Hannun Inna Dela ya ɗoru a karkace. Wannan bai dame ta ba kamar ɗayan abin, don kafin salular ta mutu hoton ya riga ya fita, ya zaga Tama da Buza da Keita, yara na kunna muryarta a bakin rijiya. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna. In ɗanta ya zo daga Yamai, da can takan zauna a tsakar gida tana tsinke yakuwa, ta saci kallonsa ta gefen ido. Yanzu ɗaki take shiga ta rufe ƙofa har ya tafi.

A gidan rediyo kuwa waya ba ta huta ba. Kusan duk wanda ya kira, a kan hirar Abdurrazak ya kira. In da ƙirgen kira za a bi, shi ya ci. Mushe Sulaiman ya saurare su duka, sannan ya sa aka tattara kofin shayin yaron da tabarmar sallarsa aka kai gidansu. Aka saka hirar Madam Cima ranar kasuwa, da gaisuwarta da komai, ba wanda ya kira a kanta, filin kuma ya zauna a hannunta.

Da Abdurrazak ya fito daga asibiti, ga abin da ya bari a kasuwar albasa. Haƙora huɗu na gaba. Kunnen hagu, wanda bai ƙara jin komai da shi ba. Yatsu biyu na hannun dama da suka sandare. Salula da shafin da ke cikinta. Filin ranar kasuwa, da sharar gidan rediyon ma. Hanyar Tama, wadda ba ya bi ko a cikin mota. Muƙamuƙinsa kuma ya haɗe a gicciye, in ya yi magana iska ke fita tare da kalmomin, sai mai sauraro ya ce ya sake faɗi.